Soron Garba Masaƙi

Kwanakin baya ina hutawa a inuwar wani gini da ake yi kusa da kasuwa, sai na ji wani saurayi birkila yana gaya wa abokan aikinsa wai ginin ƙasa ba sana'a ba ce. Ya ce laka ce kawai ka kwaɓa ka liƙa, ko yara masu wasa a ƙofar gida suna yi. Suka kwashe da dariya. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni a kan katangar ƙasa na yi furfura. To ku samarin da kuka buɗe ido kuka tarar da bulo da siminti, ga yadda aikin yake, ga kuma shekarar da har gobe in na tuna ta raina yake ɓaci.

Aikin farko da na sa hannu a ciki wani zaure ne a Kademi, ana sabon samun mulkin kai. Mahaifina ne ya kai ni wurin Baba Dauda magini, ya ce ga shi nan, in ya ƙi ji a doke shi. Baba Dauda bai cika duka ba, shirunsa ya fi bulala ciwo. Ranin farko ko katanga bai bar ni na taɓa ba. Bakin kududdufi ya tura ni, in haƙo ƙasa da gatari in ɗauko a kwando. Ba kuma kowace ƙasa ba. Yumɓu tsagewa yake in ya bushe, rairayi ba ya kama jikinsa, jar ƙasa mai 'yar tsakuwa ake nema. A jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa da kashin doki, a shiga a tattaka har gwiwa ta fara rawa, a rufe a bar ta ta ruɓa, a dawo a sake tattakawa. Da wari ake gane ta nuna. Baba Dauda yakan dunƙula kaɗan ya shinshina. In ya yar bai ce komai ba, ka san ka koma tattaki.

Bayan nan sai tubali. Ba mu da akwatin bugu irin naku, hannu ne ma'auninmu. Ana mulmula shi kamar ƙwai mai faffaɗan gindi, a jera a rana ya bushe ƙarau. Ranar gini magini yana zaune a kan katanga kamar mai hawan jaki, kai kana ƙasa kana jefa masa tubali da curin ƙasa. Jifan ma sai an koya. In ka yi da ƙarfi ka daki ƙirjinsa, in ka yi sanyi ya faɗo ya fashe a ƙafarka. So ake ya je daidai hannunsa, shi kuma ya cafe ko dubawa bai yi ba. Katanga ta fara da kauri a ƙasa tana sirancewa har sama, kuma ba a ɗora sabon sahu sai na ƙarƙashinsa ya sha rana. Wanda ya yi gaggawa, katangarsa ciki take fitarwa, kowa ya wuce ya nuna ta da baki.

Rufin farko da aka bar mini ni kaɗai wani soro ne a Toranke, kuma ranar na gane rufi ba aikin mutum ɗaya ba ne. Azara ake fara jerawa, wato giginyar da aka faskara, don ita gara ba ta ci. A gicciya ta daga kusurwa, a bi a hankali har a rufe tsakiya. A shimfiɗa zana a kai, sannan a fara miƙo kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A nan ake bukatar jama'a: masu kwaɓawa, masu ɗebo ruwa, masu miƙawa daga hannu zuwa hannu, mu kuma a sama muna bajewa muna karkata ta wajen indararo. A bar ta ta bushe, a ƙara wata, a bari ta bushe, sannan a shafe da makuba, wato shafen ɓawon ɗorawa mai hana ruwa shiga. In ka ɗora jiƙaƙƙiyar ƙasa a kan ɗanyen gini, ba ɗaki ka yi wa mutane ba, kabari ka yi musu.

Shi ya sa mu lokaci ne ubangidanmu. Ana gama kaka mu fara, ruwan farko na sauka mu ajiye. Ku yanzu kuna tayar da bulo ku bar shi ba rufi, shekara da shekaru yana tsaye yana jiran mai shi ya yi arziki. Katangar ƙasa ba ta san wannan jira ba. In damina ta same ta kai a buɗe, ta gama.

Masu ba mu aiki kuwa, na ga iri-iri. Akwai attajirin da zai sa ka ƙara wa zankon soronsa tsawo don kawai ya ɗara na maƙwabci. Akwai wanda sai ka kai katanga kafaɗa zai tuna ƙofa ba ta nan yake so ba. Amma yawancin masu kiranmu talakawa ne, kuma a lokacin talaka bai cika rasa ɗaki ba in dai yana da fili da 'yan'uwa. Ƙasa kyauta ce a kududdufi. Tubali shi zai yi da hannunsa bayan kaka. Ranar gini da ranar rufi ya kira gayya, a dama fura, a yi tuwo, abokai da surukai su zo su kama masa. Abin da zai nema kawai azara da ladan hannun magini. Ban taɓa ganin gida mai sauƙi da ya wuce wannan ba, kuma ba wanda ya zauna taro kafin a ƙirƙiro shi.

Shekarar da nake faɗa muku ta zo ne bayan an fita daga shekarun fari, lokacin da aka kafa ƙananan hukumomi, kansiloli suka shigo. A wani gari ne a ƙasar nan tsakanin Gaya da Ajingi. Ba zan kira sunansa ba, don jikokin waɗanda suka yi abin suna nan, muna haɗuwa a masallaci. Aka kafa wani kwamiti, aka yi shela cewa za a yi wa talakawa gidaje masu sauƙin kuɗi. Aka yanka fili a bakin hanyar mota. Layin gaba hukuma za ta gina da bulo da kwano, na baya kuma aka raba fegi-fegi ga marasa gida, kowa ya gina da kansa. Sharaɗi ɗaya aka kafa: wanda kaka mai zuwa ta same shi bai yi rufi ba, za a karɓe fegin a ba wani. Da muka ji, mu magina har murna muka yi.

Cikin waɗanda suka samu akwai Garba masaƙi. Mutum ne siriri mai sanyin magana, wanda yadin kanti ya riga ya karya wa sana'a, gonarsa ce ke riƙe da shi. Shi da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwar mahaifiyarsa, da kowa ke kira Iya, suna zaune a ɗakunan aro a gidan wani. Mai gidan ya riga ya gaya masa cewa da kaka ɗansa zai yi aure, yana son wurinsa. Bai zalunce shi ba, ya ba shi lokaci. Garba ya zo ya same ni ya ce, “Malam Hamza, ɗaki biyu nake so da ɗan zaure. Na Iya ka sa ƙofarsa ta kalli inda hantsi ke faɗawa, ƙafafunta ba sa son sanyi.”

Tun ana sanyi ya fara tubali. Ya ajiye saƙa, kullum yana bakin kududdufi, hannuwan da suka saba da zare duk suka farfashe. Tubalinsa na farko sai ka ce gwaza, na tsokane shi na ce ko miya za a yi da su, amma kafin wata ya juya ya iya. Surukansa suka zo gayya daga Gafasa, muka haƙa tushe, muka fara ɗorawa. Aiki ya tafi yadda ake so. Kafin zafin bazara ya tsananta katangu sun kai inda za a ɗora azara, azarar ma an sauke ta a gindin katanga, zana tana naɗe a gefe. Iya takan dogara sanda ta zo da yamma, ta shiga ɗakinta da ba rufi ta zauna a kan tubali, tana nuna inda za ta sa gado da inda za ta ajiye tulu.

Ina kan katanga ina daidaita wurin azarar farko sai ga masinjan kwamiti a kan keke. Ko sauka bai yi ba, ya kafa ƙafa ɗaya a ƙasa ya ce an ce a dakata.

Na ce, “A dakata da me?”

Ya ce, “Da duk ginin ƙasa a filin nan, har kwamiti ya zauna. Wanda ya ɗora ko azara ɗaya, a bakin feginsa. Maginin ma za a neme shi.”

Garba ya ce, “Laifin me muka yi, ɗan'uwa?”

“Ni dai aiko ni aka yi, Malam.”

Daga baya muka ji dalili. Wai wani babban baƙo zai zo daga birni buɗe gidajen bulo, wasu a kwamitin suka ce in ya hango soron ƙasa a bayansu zai ce garin bai ci gaba ba. Wasu suka ce to talakan da aka ba fegi ina zai samo siminti? Da suka kasa shiryawa a tsakaninsu, sai suka shirya a kan abu mafi sauƙi gare su, wato mu mu tsaya.

Na ce wa Garba mu rufe kawai, in an ga ɗaki a rufe da mutane a ciki ba mai rusawa. Ya girgiza kai. Ya ce shi bai taɓa ja da hukuma ba, ubansa ma bai taɓa ba, kuma in aka karɓe fegin ina zai kai Iya? Gara a bi ta hanya, a je a yi kamun ƙafa. Haka muka tashi muka gani, talaka ba ya tsallake maganar manya, sai dai ya je ya durƙusa. Muka wanke ƙafa muka tafi gidan kansilanmu.

Wannan kansila ba baƙo ba ne a wurina. Soron da aka yanke masa cibiya a ciki Baba Dauda ne ya gina shi, ni kuma duk shekara ni nake yi wa gidan mahaifinsa yaɓe kafin ruwa. Ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo ruwa. Bayan gaisuwa na ce, “Ranka ya daɗe, katangu a buɗe suke, ga bazara ta yi nisa. Ka san abin da ruwa zai yi musu.”

Ya ce, “Haba Malam Hamza, ni za ka gaya wa? Ai na sani sarai. Amma magana tana gaban kwamiti, ba ni kaɗai ba ne. Ku ƙara haƙuri, sati mai zuwa za mu zauna.”

Garba ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya ƙara girma. Da kaka za a karɓi ɗakin da muke ciki, ga tsohuwa.”

“In sha Allahu ba za a kai ga haka ba. Ka gaida Iya.”

Abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau. Da a ce baƙi ne waɗanda ba su san ƙasa ba, da na ce jahilci ne na yafe. Amma babu ɗaya a kwamitin nan da bai kwana a soron ƙasa ba. Kowannensu ya taɓa tashi da sassafe ya ga katangar maƙwabci ta zube bayan ruwa. Wasunsu a satin nan ma sun aiko a yi musu yaɓe a gidajensu, don sun san ruwa ya kusa. Sun sani, ba a jikinsu ba ne kawai.

Sati ya zo, aka ce ciyaman ya tafi taro Kano. Na gaba aka ce an yi wa wani ɗan kwamiti rasuwa, duk sun tafi ta'aziyya. Na gaba suka zauna, amma aka ce maganar rumfunan kasuwa ta cinye lokaci. Mu kuwa kullum ido yana gabas. Iska ta juya, zafi ya yi nauyi, hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Ranakun nan masu rana ƙwal, waɗanda da a cikinsu mun rufe gidan Garba har ya bushe, haka muka zauna a gindin katanga muna kallo suna wucewa. Na karɓi wasu ƙananan ayyuka a cikin gari, amma duk inda nake hankalina yana kan azarar nan da ke kwance.

Sai ruwan shuka ya sauka, mai yawa, ƙasa ta jiƙu har ta ƙoshi. Da gari ya waye na nufi fegin in duba ɓarna, na tarar da Garba ya riga ni, yana shafa saman katanga inda ruwa ya fara lasa. Muna tsaye sai ga masinjan nan, tayar kekensa duk laka, da sungumi ɗaure a bayan keken, shi ma gona za shi. Ya ce, “Albishirinku. Kwamiti ya zauna jiya, an yarda. Baƙon ma ya fasa zuwa. Kowa ya ci gaba da gininsa.” Ya taka keke ya wuce.

Ku da ba ku yi noma ba, ba za ku gane abin da wannan yarda take nufi ba. Ranar ruwan shuka ba kowa a gari. Maƙeri ya rufe maƙera, mahauci ya ajiye wuƙa, maza da yara duk sun fita da sungumi da ƙwaryar iri. Mutanen da suka ɗanɗani fari ba sa wasa da ruwan farko. Ba a kiran gayyar gini ranar shuka, ko ka kira ba mai zuwa, kuma kai ma za ka ji kunyar buɗe baki. Surukan Garba suna gonakinsu a Gafasa. Ana gama shuka sai noman farko, ana gama shi sai maimai. Hannuwan da za su miƙa ƙasa sama ba za su dawo ba sai kaka.

Na ce masa, “Ni zan tsaya. Ƙannena sa shuka mini gonata. Mu biyu mu jera azara, mu roƙi Allah ya ba mu kwanakin rana.”

Ya ce, “In mun jera, wa zai kwaɓa, wa zai miƙo? Kuma kai da bakinka ka ce ba a ɗora jiƙaƙƙiyar ƙasa a kan ɗanyen gini.”

Gaskiya ya faɗa.

Ya dubi katangun, ya dubi hanyar gona inda mutane ke ta wucewa. Ya ce, “Ni ba ni da ƙanin da zai shuka mini. In na rasa ruwan nan, ko an rufe ɗakin me za mu ci a cikinsa? Taya ni mu lulluɓe su, Malam Hamza, in tafi.”

Muka warware zanar da aka saya don rufi, muka lulluɓe kan katangun, muka ƙara da kara, muka danne da ragowar tubali. Ni na san dabara ce ta kwana kaɗan, shi ma ya sani. Ya ɗauki sunguminsa ya bi sahun mutane.

Katangun sun yi ƙoƙari, ba zan ci amanarsu ba. Sun jure ruwan farko-farko. Amma iska ta yi ta yaye zanar, muna mayarwa tana yayewa, kuma kwanon gidajen bulo yana zubo ruwansa kaf ta bayan layi, ya taru a gindin ginin Garba. Da marka ta kama, aka yi kwanaki ba a ga rana ba, katangar gabas ce ta fara tafiya, don ita ruwa ke duka. Ta jawo ta ɗakin Iya. Sauran suka yi ta narkewa a hankali, har wurin ya koma tudun jar ƙasa, ciyawa ta fito a kai. Ba Garba kaɗai ba, duk wanda dakatarwar ta kama kafin rufi haka ta same shi.

Kaka ta yi, 'yan kwamiti suka fito zagaye cikin manyan riguna, suna duba wanda ya cika sharaɗi. A nan ba su ɗaga zama ba, ba wanda ya tafi ta'aziyya. Garba ya koma wurin kansila ya ce ai su suka ce a dakata. Kansila ya ce masa, “Gaskiya ne, amma ai an zo an ce ku ci gaba. Sharaɗin kuwa kai ma ka ji shi tun farko. Ka yi haƙuri, in an sake yanka wani fili za a tuna da kai.” Aka ba wani ɗan kasuwa fegin. Gidajen bulo na gaba, da aka ce na talakawa ne, ma'aikata da masu hali ne suka shige su. Ban san talaka ko ɗaya da ya kwana a ciki ba.

Mai gidan aro ya karɓi ɗakunansa kamar yadda aka yi alkawari. Na ɗan kwana biyu ban ga Garba ba. Wata safiya na biyo ta filin da kayan aikina, sai na hango mutum a kan tudun nan yana sara da fartanya, ga jaki tsaye da mangala. Na matsa na ga shi ne. Azarar ya riga ya kwashe, yanzu ƙasar yake lodawa.

Na ce, “Malam Garba, ina za ka kai ta?”

Ya ce, “Gona. Can muka koma, na kafa mana bukkokin kara. Mai fegin ya ce in kwashe tarkacena kafin a kawo masa bulo.”

“Iya fa?”

“Tana can. Kullum sai ta tambaye ni yaushe za a rufe ɗakinta.” Ya cika mangala ɗaya, ya zagaya ɗaya gefen. “Ƙasar nan ni na haƙo ta, ni na tattaka ta. In rani ya yi nisa in sake yin tubali da ita, ka zo ka tayar mata ko ɗaya ne a bakin gonar. Can ba mai cewa a dakata. Tunda an hana mu zuwa gidan, shi sai ya biyo mu.”

Na ajiye kayana na karɓi fartanyar. Muka yi ta lodi, jaki yana zuwa yana dawowa, har rana ta take. Da rani na je na tayar da ɗakin a bakin gonar, ƙofarsa tana kallon hantsi, muka rufe shi da wuri. Iya ba ta shige shi ba. Sanyin shekarar nan a bukkar kara ya same ta, aka yi jana'izarta ɗakin yana shan rana.